Yadda Ake Lissafi da Gwajin Bututun Maikurowef da Ƙwayar Rizoneta ta Tangaran

Wannan bayani na ɗalibin injiniyan lantarki ne da ya iso darasin maikurowef, ko mai aikin kammala karatu a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi. Zai kuma amfani mai ɗaura dish da ke son sanin abin da ke cikin kan da yake ɗaurawa kullum. Abubuwa biyu za mu auna. Na farko bututun ƙarfe ne da babu waya a cikinsa, amma igiyar rediyo ke bi ta ciki. Na biyu 'yar ƙwayar tangaran ce, girmanta da siffarta kamar ƙwayar magani, wadda ke riƙe igiya a firikwensi guda ta ƙi sauran. Tun 1939 R. D. Richtmyer ya nuna cewa tangaran kaɗai, ba tare da bangon ƙarfe ba, zai iya wannan aiki. Duka biyun suna cikin tsohon LNB, wato kan nan da ake ɗaurawa a gaban dish: bakinsa bututu ne, a cikinsa kuma akwai ƙwayoyi biyu da ke tsayar da 9.75 GHz da 10.6 GHz.

Ƙa'idar aikin guda ce: kada ka kunna na'ura sai ka riga ka rubuta a takarda lambar da kake sa ran gani. Allon na'urar gwaji cike yake da tudu da kwari, kuma wanda bai yi lissafi ba zai kama tudun da ya fara gani ya ce shi ne.

Kayan aiki

- Maikuromita mai karanta 0.01 mm. Baniya kalifa ta isa auna bututu, amma ba ta isa auna ƙwaya ba.
- Guntun bututu mai kusurwa huɗu, WR-90 ko WR-75. Idan babu, bututun jan ƙarfe na masu aikin famfo ko na'urar sanyaya ɗaki, mai faɗin ciki wajen 20 mm.
- Tsofaffin LNB biyu ko uku. Masu ɗaura dish a gari suna tara matattu, kuma mutuwar LNB ba ta cika shafar ƙwayar ba. Idan ka samu na babban dish na C-band, kada ka bar shi.
- Na'urar VNA, mai tura sigina ta auna wadda ta wuce da wadda ta dawo, da ta haura 12 GHz, ko bencin X-band (wajen 8 zuwa 12 GHz) na ɗakin gwaje-gwaje: janaretan Gunn ko kilistiron, bututu mai tsaga, ma'aunin firikwensi, ditekta da mitar VSWR.
- Guntayen wayar koaksiyal mai tauri guda biyu masu kan SMA, dalma da ƙarfen narka ta.
- Farantan jan ƙarfe biyu masu santsi, da ƙaramin gwangwanin alminiyam ko jan ƙarfe mai murfi.
- Farin soson nan mai tauri da ake tokare talabijin da shi a kwali. Lambar dayilektirik ɗinsa kusan 1.03 ce, wato kusan iska, don haka babu abin da ya fi shi dacewa da ɗora ƙwaya.
- Sinadarin isopropyl, auduga, hantsaki na roba, ma'aunin zafi da kalkuleta.

Ka lura da abu ɗaya kafin ka kashe kuɗi. Ƙananan NanoVNA da ake sayarwa ba su kai X-band ba: na farkon yana tsayawa wajen 1.5 GHz, LiteVNA kuma wajen 6.3 GHz. Akwai hanyar amfani da LiteVNA a mataki na 5, da wata hanya ba tare da VNA ba a mataki na 8.

Kiyaye kanka da kayan

Kada ka leƙa bakin bututu da ido alhali janareta na kunne, komai ƙanƙantar ƙarfinsa. Kada ka ciro magnetiron na murhun maikurowef don yin gwaji: ƙarfinsa ɗaruruwan wat ne, wutar da ke tafiyar da shi kuma dubban bolt ce, tana kisa. A bencin kilistiron, tabbatar wutar rifela tana nan kafin ka ba da wutar bim, fanka kuma tana kaɗawa. Da hunturu, lokacin da iska ta bushe a Bauchi har riga na tartsatsi, taɓa jikin ƙarfen na'ura kafin ka taɓa kan SMA. Wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kashe ditekta ko bakin VNA.

Mataki na 1: Auna bututu, ka fitar da firikwensin yankewa

Auna faɗin ciki, ba na waje ba. Babban gefe shi ne a, ƙaramin b. A WR-90, a = 22.86 mm, b = 10.16 mm. Salon da igiya ke fara bi a irin wannan bututu shi ne TE10, kuma ba ya wucewa sai rabin tsawon zango ya samu shiga faɗin a. Saboda haka:

firikwensin yankewa fc = c / 2a, inda c saurin haske ne, ko a sauƙaƙe fc a GHz = 150 / a, idan a na milimita.

150 / 22.86 ya ba da 6.56 GHz. Salo na biyu, TE20, yana farawa a ninkin wannan, 13.1 GHz. TE01 kuma yana bin ƙaramin gefe, 150 / 10.16, wato wajen 14.8 GHz. Tsakanin 6.56 da 13.1 salo ɗaya ne kawai a bututun, amma ba duka filin ake amfani da shi ba. An tsayar da WR-90 a kan 8.2 zuwa 12.4 GHz, domin kusa da yankewa asara tana hawa, saurin igiya kuma yana sauyawa sosai da ɗan motsin firikwensi. A WR-75, a = 19.05 mm, yankewa 7.87 GHz, ana aiki da shi daga 10 zuwa 15 GHz.

Ƙasa da yankewa igiya ba ta tafiya, dusashewa take yi. A 5 GHz, WR-90 yana rage sigina da kusan 0.77 dB a kowace milimita, wato guntu mai tsawon 10 cm ya cinye 77 dB. Idan ka ga sigina ta ɓace gaba ɗaya, duba firikwensinka kafin ka zargi waya.

Mataki na 2: Tsawon zango a cikin bututu

A nan ne masu koyo suka fi faɗuwa. Tsawon zango a cikin bututu, λg, ya fi na sarari, λ0, tsawo:

λg = λ0 / √(1 − (fc/f)²)

A 10 GHz, λ0 = 30 mm. fc/f = 0.656, idan ka ninka shi da kansa 0.430, ka cire daga 1 saura 0.570, tushensa 0.755. To λg = 39.7 mm. Da wannan 0.755 ɗin za ka samu impidans na igiyar TE10: 377 / 0.755, kusan 499 om. Duk wanda ya yanka ƙarfe da lissafin 30 mm a maimakon 39.7 mm, aikinsa ya karkace tun daga tushe.

Yanzu tabbatar da shi a benci. Sa janareta a kan yanka-yankan 1 kHz, domin mitar VSWR wannan kaɗai take ji. Toshe ƙarshen bututu mai tsaga da farantin ƙarfe, yadda igiya za ta dawo ta tsaya. Ja tsinken a hankali har allura ta faɗi ƙasa, rubuta wurin, ka ci gaba zuwa faɗuwa ta gaba. Tazarar da ke tsakaninsu rabin λg ce, a 10 GHz wajen 19.9 mm.

Wuraren faɗuwa ake bi, ba na hawa ba, don faɗuwar ta fi kaifi. Hanya mafi inganci ita ce ka nemi wurare biyu, hagu da dama da faɗuwar, inda allura ke nuna lamba ɗaya, ka ɗauki tsakiyarsu. Ka riƙa jan keken tsinken ta fuska ɗaya, saboda zarensa yana da wasa. Kada ka zurfafa tsinken cikin bututu don neman sigina mai ƙarfi, zai dagula igiyar da kake son aunawa.

Daga λg ka koma firikwensi: 1/λ0² = 1/λg² + 1/(2a)². Sannan juya ma'aunin firikwensi har allura ta ɗan nutse, ka kwatanta lambobin biyu. Bambancin da ya wuce kashi 1 cikin 100 alama ce ta kuskure. Da ka gama karantawa, kawar da ma'aunin daga wurin nutsewar, in ba haka ba zai ci gaba da shan sigina a duk sauran gwajin.

Game da asara, WR-90 na jan ƙarfe mai tsabta yana cin kusan 0.11 dB a mita ɗaya a 10 GHz. Wutar tana gudana ne a fatar ciki da kaurinta bai wuce maikuron 0.66 ba, shi ya sa tsatsa, ƙura ko ƙarzar ciki suke da tasiri. Amma galibin asarar da za ka gani a benci daga mahaɗa take: leɓunan bututu biyu da ba su zauna daidai ba, ko sukurori biyu a maimakon huɗu. Goge leɓunan, ɗaure sukurorin huɗu a gicciye.

Mataki na 3: Idan bututun famfo ne a hannunka

A bututu mai da'ira, salon farko TE11 ne, na biyu TM01. Idan D faɗin ciki ne a milimita, TE11 yana farawa a 175.7 / D, TM01 a 229.5 / D. Da D = 20 mm, ka samu 8.79 GHz da 11.47 GHz. Filin ya fi na WR-90 ƙunci, amma 10 GHz ta zauna a ciki. Auna bakin LNB ɗinka ka yi masa wannan lissafin.

Don shigar da sigina daga waya, huda rami a jikin bututu, a tsakiyar babban gefe idan mai kusurwa huɗu ne, ka zura tsinken SMA. A WR-90 kusa da 10 GHz, fara da tsinke mai tsawon 6 mm da bangon toshiya 5 zuwa 6 mm a bayansa. Lissafin farko yana cewa kwatan λg, kusan 10 mm, amma tsinken kansa yana da nasa tasirin da ke jawo bangon kusa. Ka yi bangon mai zamewa tukuna, ka motsa shi har sigina mai dawowa ta yi ƙasa, sannan ka like da dalma. A bututu mai da'ira, tsinken shiga da na fita su kalli fuska ɗaya. Idan ɗaya ya juya digiri 90, kusan babu abin da zai wuce.

Mataki na 4: Ciro ƙwaya, auna ta, ka lissafa

Ba kowane LNB ke da ƙwaya ba. Sababbi suna amfani da PLL, guntun lantarki mai kulle firikwensi, da kiristal na 25 ko 27 MHz. Alamar mai ƙwaya ita ce sukurorin saiti biyu a murfin ƙarfen ciki, galibi an danne su da gam. Buɗe murfin, za ka ga ƙwayoyin a manne a allo, babbar ta 9.75, ƙaramar ta 10.6. Hura musu iska mai zafi har gam ya yi laushi, ka ɗaga da hantsakin roba. Kada ka ɓanɓare da sukudireba. Gefen da ya ɓalle yana sauya firikwensi, ba ya kuma gyaruwa. Wanke ragowar gam da isopropyl, daga nan kada ka sake taɓa ta da yatsa.

Auna faɗi D da tsayi L, kowanne a wurare uku, ka ɗauki matsakaici. Salon da ake nema shi ne TE01δ: filin lantarki yana kewaya ƙwayar zobe-zobe, filin maganaɗisu kuma yana ratsa tsakiyarta daga sama zuwa ƙasa ya zagayo ta waje. Ga ƙwayar da ke nesa da ƙarfe, lissafin Kajfez ya wadatar:

f a GHz = [34 / (r√εr)] × (r/L + 3.45)

r rabin D ne a milimita, εr kuma lambar dayilektirik ta tangaran. Lissafin yana daidai cikin kashi 2 cikin 100 muddin r/L na tsakanin 0.5 da 2, εr kuma tsakanin 30 da 50. Tangaran da aka saba yin ƙwayoyin da shi yana cikin wannan fili: BaTi4O9 da (Zr,Sn)TiO4 wajen 38, Ba2Ti9O20 wajen 40, mai bariyam da zinki da tantalam wajen 30.

A ce ka auna D = 5.5 mm, L = 2.2 mm, ka ɗauki εr = 38. r = 2.75, √38 = 6.164, ninkinsu 16.95, 34 / 16.95 = 2.006. r/L = 1.25, da 3.45 ya zama 4.70. Amsa 9.43 GHz. Kada ka damu don ta yi ƙasa da 9.75. Ƙarfe idan ya matso kusa da fuskar ƙwaya yana matse filin maganaɗisu, firikwensi ya hau. Da gangan ake yin ƙwaya ƙasa kaɗan da inda ake so, ƙarfen ƙasan allo da sukurun saiti su ƙarasa ta. Ka kuma duba L/D: a misalinmu 0.4 ne, kuma a wajen wannan rabo ne TE01δ ke yin nisa da salon da ke bi masa.

Mataki na 5: Nemo tudun, ka tabbatar shi ne

Gwangwanin ya ninka faɗin ƙwayar aƙalla sau uku. Yanka soso ka ɗora ta a tsakiya, nesa da ƙasa da murfi. Idan ka auna ta a fili babu gwangwani, sigina za ta tsere cikin iska, lambar inganci Q ba za ta kai 100 ba ko da tangaran ɗin na dubbai ne.

Yi zobba biyu: fere ƙarshen wayar koaksiyal, lanƙwasa wayar tsakiya ta zama zobe mai faɗin 1 zuwa 2 mm, ka like bakinta a jikin garkuwar waje. Zura su ta ramuka biyu masu fuskantar juna, a tsayin tsakiyar ƙwaya. Zoben ya kwanta kamar yadda ƙwayar ta kwanta, don filin maganaɗisu ya ratsa ta cikinsa. Idan ka tsayar da shi, wasu salo zai kamo.

Bar VNA ta yi zafi na rabin awa, sannan ka saita ta a ƙarshen wayoyin. Idan aka ɗauke wuta aka koma janareta, sake jira ka sake saiti. Ɗaure SMA daidai wa daida, goron ake juyawa ba jikin wayar ba.

Ga kuskuren da ya fi cinye wa mutane rana. An buɗe allo daga 8 zuwa 12 GHz da ɗigo 201, wato tsakanin ɗigo da ɗigo 20 MHz. Faɗin tudun ƙwaya kuwa 2 ko 3 MHz ne. Na'ura za ta tsallake shi, ka rantse ƙwayar ta mutu. Tunda ka yi lissafi, buɗe 500 MHz kawai kewaye da lambarka, da ɗigo mafi yawa da na'urar ke bayarwa.

Da ka ga tudu a S21, wato siginar da ta wuce daga zobe ɗaya zuwa ɗayan, yi masa gwaji uku. Cire ƙwayar: idan tudun na nan, na gwangwani ne. Mayar da ita ka matso da farantin ƙarfe ta sama: TE01δ zai hau. Matso da wata ƙwayar tangaran a maimakon ƙarfe: zai sauka.

Mai LiteVNA ya yi amfani da ƙwayar C-band, wadda aka yi don 5.15 GHz. Komai na wannan mataki da na gaba zai yiwu da ita. Ƙwaya mai D = 10.5 mm, L = 4.6 mm da εr = 38, alal misali, tana ba da 4.82 GHz.

Mai benci kawai ya sa ƙwayar cikin WR-90 a kan soso, a tsakiya, a tsaye, fuskokinta biyu na kallon ƙananan bangaye. Idan ka kwantar da ita a kan babban bango, TE10 ba shi da filin maganaɗisu ta wannan fuska, ba za su gaisa ba. Juya firikwensin janareta a hankali har siginar da ke fita ta nutse. Wannan zai ba ka firikwensi, wanda zai ɗan fi lissafinka saboda kusancin bangaye. Ba zai ba ka Q ba, domin ma'aunin firikwensi na benci bai iya rarrabe 2 MHz.

Mataki na 6: Lambar inganci

Matse allo zuwa ninki biyar ko goma na faɗin tudun, rage faɗin IF, wato matatar karɓar sigina ta VNA, zuwa 1 kHz ko ƙasa. Janye zobban baya har ƙololuwar tudun ta sauka wajen −30 dB, kuma ka sa su yi nisa ɗaya da ƙwaya. Rubuta f0 a ƙololuwa, da f1 da f2 inda sigina ta ragu da 3 dB.

QL = f0 / (f2 − f1)

Q0 = QL / (1 − 10^(−IL/20))

QL shi ne Q da aka auna tare da tasirin zobban, Q0 kuma bayan an cire tasirinsu. IL shi ne yawan dB da ƙololuwar ke ƙasa da sifili. A ce f0 = 9.600 GHz, faɗi 2.4 MHz: QL = 4000. Da IL = 30 dB, Q0 kusan 4130. Da ka bar zobban kusa har IL ya zama 10 dB, gyaran zai kai ninki 1.46, kuma ɗan kuskure a saitin na'ura zai shiga amsar kai tsaye. Shi ya sa ake son haɗi mai rauni.

Wannan Q0 ba na tangaran kaɗai ba ne: 1/Q0 = 1/Qd + 1/Qc + 1/Qr, wato asarar tangaran, ta bangon ƙarfe, da ta tserewa. Qd kusan 1/tanδ ne, tanδ kuwa ma'aunin asarar tangaran ne. Idan ka ɗaga ƙwayar daga ƙasan gwangwani ka ga Q0 na ƙaruwa, bango ne ke cin ka, ci gaba da ɗagawa har ya daina. Idan Q0 ya fito ɗaruruwa kawai, dalilin ba ya wuce ɗayan waɗannan: ragowar gam, maiƙon yatsa, murfin da bai zauna ba, ko laima. Da damina, musamman a watan Agusta, busar da ƙwaya da soso kafin gwaji, don ruwa yana shan maikurowef ƙwarai. Wajen kwatanta ƙwayoyi biyu masu firikwensi daban, kwatanta Q × f, domin a irin wannan tangaran Q yana raguwa yayin da firikwensi ke hawa.

Idan kusa da layin maikurostirif ka ajiye ƙwayar, kamar yadda take a LNB, kwari za ka gani a S21 ba tudu ba. A gindin kwarin S21 = 1/(1 + β), Q0 kuma QL × (1 + β), inda β ke nuna ƙarfin haɗin ƙwaya da layin. Kwari mai zurfin 20 dB yana nufin β = 9.

Mataki na 7: Gano ainihin εr

Har yanzu 38 zato ne. Hanyar Hakki da Coleman ta 1960, wadda Courtney ya inganta a 1970, ita ke ba da tabbas. Matse ƙwayar tsakanin farantan jan ƙarfe biyu da suka ninka faɗinta sau da yawa, ka zuro zobban ta gefe, ka nemo salon TE011. Daga firikwensinsa ka fitar da λ0, sannan:

v² = (πD/λ0)² × [(λ0/2L)² − 1]

u·J0(u)/J1(u) = −v·K0(v)/K1(v)

εr = (λ0/πD)² × (u² + v²) + 1

J da K lissafin Bessel ne, suna cikin Excel da Octave. u yana tsakanin 2.405 da 3.832, sai ka riƙa gwada lambobi har ɓangarorin biyu su daidaita.

Yi wannan lissafin ta baya kafin ka je ɗakin gwaji, don akwai abin mamaki a ciki. Ƙwayarmu ta 9.43 GHz, idan farantai suka matse ta, tana tashi zuwa wajen 14.17 GHz: λ0 = 21.16 mm, v = 3.84, u = 3.15, εr ya dawo 38. Wato ta fice daga X-band gaba ɗaya. Wanda na'urarsa ta tsaya a 12 GHz sai ya yi wannan mataki da ƙwayar C-band.

Don gane TE011 a cikin tuddai, ɗaga farantin sama da kaurin takarda. Shi zai ɗan sauka a hankali, salon TM kuwa za su yi tsalle sama. Wannan rashin damuwa da 'yar tazarar iska shi ya sa aka zaɓe shi. Abin da bai yafewa shi ne awo: kuskuren 0.05 mm a tsayin 2.2 mm yana karkatar da εr da kusan kashi 3 cikin 100.

Mataki na 8: Tasirin zafi, ko da babu VNA

τf shi ne yadda firikwensi ke motsi da zafi: τf = (f2 − f1) / [f1 × (T2 − T1)], inda f1 da f2 firikwensi ne a zafin T1 da T2. Ana faɗinsa da ppm, kashi ɗaya cikin miliyan, a kowane digiri. A 10 GHz, ppm 1 daidai yake da 10 kHz. Tsakanin asubahin hunturu da azahar ɗin watan Afrilu a Bauchi ko Gombe ana samun bambancin da ya kai digiri 25, don haka ƙwaya mai ppm 4 za ta yi tafiyar 1 MHz. Tsantsar TiO2 yana da εr kusan 100, amma τf ɗinsa ya haura ppm 400, shi ya sa ba a yin osileta da shi shi kaɗai.

Ana iya ganin wannan da kaya masu araha. HB100, ɗan allon radar mai aiki da 5 V, yana da ƙwaya da ke ba da 10.525 GHz. Ɗauki LNB mai PLL, ba shi 13 V ba tare da sautin 22 kHz ba, don ya tsaya a 9.75 GHz, ka haɗa shi da RTL-SDR, 'yar rediyon USB da ke nuna sigina a allon kwamfuta. Siginar za ta fito a 10525 − 9750 = 775 MHz. Sa kafasita mai tare wutar DC a gaban RTL-SDR, kada 13 V ta shige shi. Ajiye HB100 mita da yawa nesa, kada ya fuskanci LNB, don ƙarfinsa zai toshe shi. RTL-SDR yana ganin wajen 2.4 MHz ne a lokaci guda, saboda haka bi daga 765 zuwa 785 MHz a hankali. Ba HB100 wuta daga batir ta 7805, mai daidaita wuta a 5 V, ba cajar waya ba, domin motsin wuta ma yana motsa firikwensi.

Rubuta firikwensi da zafi da asuba, da hantsi, da azahar, LNB ɗin kuma ya zauna a inuwa. Sannan juya sukurun HB100 kwatan zagaye ciki, ka ga firikwensi ya hau kamar yadda mataki na 4 ya faɗa. Ka sani cewa abin da ka auna na osileta ne gaba ɗaya, har da tiransista da murfin ƙarfe. Alminiyam yana buɗewa da ppm 23 a digiri, murfi ya yi nisa, firikwensi ya sauka, don haka masu ƙira kan zaɓi ƙwaya mai τf da ya ɗan haura sifili don ta rama.

Mai son ma'auni tabbatacce ya juya dish zuwa tauraron Es'hail-2 a digiri 25.9 gabas, wanda ke ɗauke da QO-100 na masu rediyon sha'awa. Fitilarsa ta tsakiya, wato siginar alama mai tsayayyen firikwensi, tana 10489.750 MHz, za ta fito a 739.750 MHz. Daga Bauchi, kudu maso gabas ne, azimut wajen 122, ɗagawa wajen digiri 68, kuma sai ka murɗa LNB sosai, fiye da digiri 50. Duk tazarar da ka gani daga 739.750 kuskuren LNB ɗinka ne da na RTL-SDR. Ɗaura LNB mai ƙwaya a wurin, za ka ga fitilar tana yawo a allo yayin da rana ke dukan kan dish.

Mataki na 9: Kwamfuta a ƙarshe

Cikin manhajojin kwaikwayon igiya, openEMS kyauta ne, CST da HFSS kuma suna da na ɗalibai. Zana abin da ka auna, har da gwangwani da soso, ka sa εr na mataki na 7. Don firikwensi da Q, zaɓi mai warware aigenmod idan manhajar na da shi. Hanyar FDTD, irin ta openEMS, tana daɗewa a kan abu mai Q babba, domin sai igiya ta gama dusashewa.

Raga, wato ƙananan gidajen da manhaja ke raba zanen zuwa gare su, ita ce matsalar. A cikin tangaran mai εr = 38, tsawon zango a 10 GHz 4.9 mm ne kawai, don haka gidan raga a cikin ƙwaya kada ya wuce 0.25 mm. Ƙara matse ragar har firikwensi ya daina motsi da fiye da kashi 0.1 cikin 100. Idan ka bar bangaye a matsayin ƙarfe marar asara kuma ba ka sa tanδ ba, Q zai fito lambar da babu ita a duniya. Sa wa jan ƙarfe 5.8 × 10⁷ S/m. Manhajar za ta jero salo da yawa, kuma na farko a jerin ba lallai ne ya zama naka ba. Buɗe hoton filin lantarki: TE01δ zobba ne masu kewaya tsakiya, sifili a tsakiyar, mafi ƙarfi wajen kashi biyu cikin uku zuwa uku cikin huɗu na hanyar zuwa gefe.

Jera lambobi uku a tebur ɗaya: na biro, na gwaji, na kwamfuta. Na biro zai iya kaucewa da kashi 2 cikin 100 ko ɗan fiye, saboda bai san da gwangwani ba. Na gwaji da na kwamfuta ya kamata su haɗu cikin kashi 1. Idan ba su haɗu ba, fara da sake auna L da tsayin soso, sannan ka duba ko murfin gwangwani yana zama a wuri ɗaya duk lokacin da ka rufe shi.